Zuwa ga mai jita na Yamai: kada ka sa hannu a wannan takarda

Wani matashi ya rubuto mini daga Yamai, ya roƙi in sakaya sunansa. Ga abin da ya ce, na ɗan taƙaita:

"Yaya, shekaruna 27, asalina ɗan Tawa ne. Ina kaɗa jitar lantarki. Mu huɗu ne a ƙungiyarmu, shekara shida ke nan muna wasa a gidajen biki. Kiɗan rok muke yi irin namu na nan, ina waƙa da Hausa, wani lokaci da Tamashek. Bara wani ya ɗauki bidiyonmu a wani biki, ya bazu a TikTok, har wani kamfanin waƙa na Turai ya aiko wakilinsa. Za su ba ni sefa miliyan 10 kafin alƙalami. Takardar shafi 31 ce, da Faransanci. Abin da na fahimta shi ne zan yi musu kundin waƙoƙi biyar, duk abin da na naɗa nasu ne har abada, kasona 15 cikin 100, kuma suna da rabo a kuɗin wasannina. Ni kaɗai suke so, ban da abokaina. Sun ce a can za a haɗa mini kiɗa da kwamfuta, a kuma rage tsawon waƙoƙin. Mahaifina yana kwance, ana so a yi masa aiki a asibiti, ga aurena an ɗaga sau biyu. Shi mahaifin nawa da a da ba ya son ganin jita a gidansa, yau shi ke cewa in karɓa. Mai gangarmu kuwa tun makarantar allo muke tare, na kasa gaya masa. Kwana goma suka ba ni. In sa hannu?"

Ƙanena, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce. Da wannan na fara domin na san shi ne ke hana ka barci, kuma zan dawo kansa kafin in ajiye alƙalami. Amma tunda ka yi tambaya kai tsaye, ga amsa kai tsaye: kada ka sa hannu a wannan takarda yadda take. Kada kuma ka sallami wakilin da faɗa. Tsakanin biyun akwai fili mai faɗi, a nan nake so mu zauna.

Kai ɗan Tawa ne, ka san sha'anin gona. Akwai aro, akwai haya, akwai jingina, akwai sayarwa, kuma ko yaro a ƙauye ba ya haɗa su. Wanda ya jinginar da gonarsa saboda wata lalura, ranar da ya mayar da kuɗin mutane, ranar gonarsa ta dawo hannunsa. Wanda ya sayar kuwa ya karɓi kuɗinsa, ba wanda zai sake cewa ya biya. To, takardar da ke hannunka ta ɗauki mafi munin kowanne ta haɗa wuri guda. Miliyan 10 ɗin nan bashi ne. Ba za su zo ƙofar gidanku su ce ka biya da hannu ba, amma za su riƙa cire shi daga kasonka har ya ƙare. Idan ya ƙare, ka biya tsaf, gonar ba ta dawowa. Ka biya kamar mai jingina, ka rasa kamar mai sayarwa. Wannan shi ne ma'anar "har abada" da ka karanta.

Ɗauki biro mu yi lissafi. A irin wannan yarjejeniya, kuɗin situdiyo da na bidiyo yawanci a kan mawaƙi ake rubuta su. A ce naɗin kundin farko ya ci miliyan 8, bidiyo da tafiye-tafiye suka ci miliyan 7. Haɗa da miliyan 10 da aka ba ka, ana bin ka miliyan 25. Daga ina za a cire? Daga 15 ɗinka kaɗai, ba daga cinikin gaba ɗaya ba. Ke nan sai waƙoƙinka sun kawo kusan miliyan 167 kafin sefa ɗaya ta sake shiga aljihunka. A lokacin kamfani ya daɗe da mayar da abin da ya kashe, ya ci riba ninki-ba-ninki, kai kuwa a littafinsu yanzu ka kai sifiri. Kuma ka duba da kyau, a yawancin irin waɗannan takardu bashin kundin farko yakan bi ka zuwa na biyu, na biyu ya bi ka zuwa na uku. Ka tuna fa, a manhajoji irin su Spotify abin da ake biya kan sauraro ɗaya bai kai santi guda na dalar Amurka ba, kuma tun 2024 waƙar da ba a saurare ta sau 1,000 cikin shekara ba, ba ta samun komai a can. Ka ƙiyasta yawan kunnuwan da za su tara maka miliyan 167.

Ba ni na fara wannan lissafi ba. Akwai wani ɗan rok na Amurka, Steve Albini, mai jita kamarka, wanda kuma ya shafe rayuwarsa yana naɗa wa wasu ƙungiyoyi waƙa a situdiyonsa da ke Shikago. A 1993 ya rubuta wata maƙala da har yau masu kiɗa ke miƙa wa juna. Ya kawo misalin ƙungiyar da aka ba dalar Amurka 250,000 kafin alƙalami, ta sayar da faifai 250,000, abin da kowa zai kira nasara. Ya bi kuɗin nan kobo-kobo: na manaja, na lauya, na situdiyo, na furodusa, na motar yawon wasa. Da ya kai ƙasan shafi, kamfani ya tashi da dala 710,000, kowane ɗan ƙungiya ya tashi da dala 4,031, kuma har lokacin ana bin ƙungiyar dala 14,000. Shekara talatin da ɗoriya ke nan, faifai ya koma waya, amma ƙashin bayan takardar bai canja ba. Ka ga shi a hannunka da Faransanci.

Abin da ya sa nake girmama mutumin nan shi ne bai tsaya ga faɗa da baki ba. A ƙarshen 1992 ƙungiyar Nirvana, wadda a lokacin ba ta da sa'a a duniyar rok, ta nemi ya naɗa mata kundi. Al'ada ita ce furodusa ya karɓi kaso daga cinikin kundi muddin ana sayar da shi. Albini ya ƙi. Ya rubuta musu cewa a biya shi kamar yadda ake biyan mai gyaran famfo: ya yi aiki, a ba shi ladansa, a rabu. Ya karɓi dala 100,000 sau ɗaya, ya bar abin da ya ninka haka sau da yawa, domin a ganinsa waƙar ta waɗanda suka ƙirƙire ta ce, mai riƙe da na'ura ba shi da haƙƙi a cikinta. Har ya rasu a watan Mayun 2024 yana da shekara 61, haka yake aiki, sanye da rigar aiki irin ta makanikai, yana karɓar kuɗin yini. Ina kawo maka shi ne don ka san akwai mutanen kirki a wannan sana'a, kuma ana gane su da abin da suka ƙi karɓa alhali suna da ikon karɓa. Ka auna wakilin nan da wannan ma'auni.

Maganar "har abada" kuma, kada ka ɗauke ta da sauƙi don kana da shekara 27. John Fogerty, jagoran ƙungiyar Creedence Clearwater Revival, yana saurayi ya sa hannu a takardar da ta ba kamfani mallakar waƙoƙinsa. Ƙungiyar ta watse a 1972. Ya yi shekaru yana ƙin rera waƙoƙin da shi ya rubuta da hannunsa, saboda baƙin cikin inda kuɗinsu ke tafiya. Da ya fitar da sabuwar waƙa a 1985, tsohon kamfanin nasa ya kai shi kotu cewa ya kwaikwayi wata tsohuwar waƙarsa wadda yanzu tasu ce. Mutum ya shiga kotu da jita, ya zauna gaban masu shari'a yana kaɗawa, yana nuna musu cewa salon hannunsa ne kawai, ba sata ba. Ya yi nasara a 1988. Amma ikon waƙoƙin nasa bai dawo hannunsa ba sai a Janairun 2023, yana da shekara 77, kuma da kuɗinsa ya saye. Sama da shekara hamsin, ƙanena, a kan sa hannu ɗaya.

Mu ma a nan ba baƙon abu ba ne. Na san wani dattijo makaɗi da kaset ɗinsa ya cika kasuwanni a zamaninsa. Wani ɗan kasuwa ne ya naɗe shi, ya sallame shi da babur da babbar riga, shi ke nan. Wata rana muna tafe da shi a bakin tasha, sai ga muryarsa tana tashi daga shagon masu tura waƙa a waya. Ya tsaya cak, ya saurari baiti guda har ƙarshe, leɓensa na motsi tare da waƙar, sannan ya gyara hularsa muka wuce. Bai ce komai ba. A ranar kuɗin mota ma ni na biya masa. Makaɗan fada na da, irin su Narambaɗa, suna da ubangida, ana ba su doki da riga da hatsi, suna kuma yi masa biyayya. Amma waƙar tana bakin mai ita, ba a taɓa jin an ce ya daina rera ta don wani ya saye ba. Takarda ce ta zo da wannan.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarka, ya fi ma kuɗin: sun ce kai kaɗai suke so.

Na sha zuwa bikin da ake kiɗan jita a Yamai. An tare layi, an shimfiɗa tabarmi, janareta na ruri a bayan gida, an ɗora sifika a kan kujerar roba. Waƙa takan fara a hankali, mai jita yana lalube kamar mai neman hanya da dare. Sai mai ganga ya ɗan ƙara sauri, kaɗan kawai, ba wanda ya ce masa. Mai jita ya ɗago ido ya dube shi, ya bi. Kafin minti takwas ƙura ta tashi, 'yan mata sun shigo fili, masu liƙi sun miƙe, kiɗan ya kai inda ba wanda ya shirya zai kai. Wannan abin da ke faruwa tsakanin idonka da hannun mai gangarka, shekara shida kuka yi kuna gina shi, ko in ce tun makarantar allo. Shi ne abin da mai waya ya ɗauka a bidiyon nan, shi ne abin da ya sa Bature ya hau jirgi ya zo. Yanzu kuma ana ce maka a cire mai ganga a sa kwamfuta, a yanke waƙar minti tara ta koma uku. Kwamfuta ba ta ganin ƙura ta tashi balle ta ƙara sauri. Wanda ya ce yana son furarka amma a cire nono, ka tambayi kanka me yake so ya sha.

Albini ya yi suna ne da naɗar ƙungiya tana kiɗa tare a ɗaki ɗaya, cikin 'yan kwanaki, yadda take a gaban jama'a. Kundin Nirvana ɗin nan cikin kusan mako biyu aka gama shi. Duk da haka, da aka kai wa kamfani, manyansa ba su ji daɗin kaushin sautin ba, aka yi ta ja-in-ja har aka sake tace wasu waƙoƙin. Idan ƙungiyar da ta sayar da miliyoyin faifai ta sha wannan matsi, kai da za ka sauka a ƙasar da ba ka san kowa ba, kai kaɗai a situdiyo, ana bin ka bashi, ran da aka ce "canja wannan", da wane baki za ka ce a'a?

Kada ka fahimce ni a kan cewa canja salo laifi ne. Dubi ɗan jiharku, Mdou Moctar. A yankin Tawa ya tashi, gidansu ba a son kiɗa, da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Kundinsa na farko a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da kiɗan na'ura da muryar da aka lanƙwasa da kwamfuta, irin ta waƙoƙin finafinan Hausa na lokacin. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya, daga katin memori zuwa katin memori, har suka kai kunnen wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai ƙaramin kamfanin Sahel Sounds, wanda ya sa ɗaya a wani tarin waƙoƙi a 2011, ya kuma bi sawu har ya same shi. Daga baya Mdou ya koma kiɗan lantarki mai ƙara tare da cikakkiyar ƙungiya. Ka ga ya canja, kuma canji babba. Amma shi ya ga dama. Sai a 2020, bayan shekaru yana wasan biki a Agadas yana kuma zaga ƙananan zauruka a Turai da Amurka, ya shiga kamfanin Matador. A lokacin yana da jama'arsa, yana da sautinsa, yana da mutanensa. Har yau da Tamashek yake waƙa, kuma yana faɗar abin da ke ransa game da Faransa da arzikin ƙasarku ba tare da an rufe masa baki ba. Shekara goma sha biyu tsakanin Sakkwato da wannan sa hannu. Kai bidiyonka bara ya fita.

Akwai waɗanda suka ƙi manyan kamfanoni ɗungurungum. Ian MacKaye da abokinsa Jeff Nelson sun kafa ɗan kamfaninsu, Dischord, a Washinton a 1980, suna samari, da 'yan kuɗin da ƙungiyarsu ta tara daga wasanni. Da hannu suke yanka kwalin faifai, su ninke, su manna da gam. Ƙungiyar da MacKaye ya kafa daga baya, Fugazi, ta fara wasa a 1987, ta yi wasanni sama da 1,000 kafin ta dakata a farkon shekarun 2000. Kuɗin shiga dala 5 suka tsayar a yawancin wasanninsu, ba sa sayar da riguna masu sunansu, ba sa yarda a hana yara shiga. Wanda ya zo yana tayar da hankali a fili, sai su tsayar da kiɗa, su mayar masa da dalarsa 5, su nuna masa ƙofa. Manyan kamfanoni sun yi ta zawarcinsu, suka ƙi. Waƙoƙinsu na hannunsu har gobe.

Ina son labarin nan ƙwarai, amma zan zalunce ka idan na ba ka shi ba tare da ɗacinsa ba. 'Yancin nan aiki ne mai gajiyarwa. Su ke shirya wasanninsu, su ke lissafi, su ke loda kaya a mota. Rayuwa mai sauƙin kashe kuɗi suka zaɓa, shi ya sa ba wanda ya iya saye su. Kuma a Amurka suke, inda akwai gidan waya mai aiki, da hanyoyi, da zaurukan wasa a kowane gari, da fasfo mai buɗe ƙofofi. Kai kana buƙatar biza kafin ka taka Turai, kana buƙatar wanda zai gayyace ka a rubuce, kana buƙatar hanyar da kuɗin waje za su iso hannunka. Mdou da mutanensa ma, da aka yi juyin mulki a Yulin 2023 suna tsakiyar yawon wasa a Amurka, maƙalewa suka yi a can na wani lokaci, sai da masoyansu suka tara musu gudummawa. Saboda haka ba zan ce maka ba ka buƙatar abokin hulɗa a waje ba. Kana buƙata. Abin da zan ce ka ɗauka daga su MacKaye shi ne wannan: duk abin da ka iya yi wa kanka, an rage abin da za a riƙe ka da shi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

To me za ka ce wa wakilin? Ka fara da kwana goman nan. Ka gaya masa cikin ladabi cewa kana buƙatar wata guda domin lauya ya karanta. Amsarsa za ta gaya maka rabin abin da kake son sani. Kamfanin da ke shirin zama da kai shekara goma ba zai gudu saboda kwana talatin ba, wanda kuwa ya ce "yanzu ko a fasa", akwai abin da ba ya so a karanta. Lauyan kuma kai za ka nemo shi, kai za ka biya shi, kada ka yarda da wanda su suka kawo, ko da kyauta ne. Ka samu wanda ya san dokar haƙƙin mallaka, ya bi maka shafi 31 ɗin nan layi-layi, ya fassara maka da Hausa har ka iya maimaita wa wani.

Sannan ka mayar musu da tayinka. Haya za ka ba su. Kundi ɗaya, na shekara biyar ko bakwai, bayan haka ainihin naɗin, abin da 'yan situdiyo ke kira masta, ya dawo hannunku. Idan sun ji daɗin aiki da kai, kai ma ka ji daɗi, a sake zama a kan na biyu. Rabon riba biyu bayan an cire abin da aka kashe, wannan tsari ne da ƙananan kamfanoni da yawa ke bi, Dischord ma da shi aka san ta, don haka ba abin kunya ka roƙa ba. A rubuta iyakar abin da za su kashe da sunanka, kada a wuce sai da izininka. A rubuta cewa kana da ikon ganin littafin ciniki. A rubuta cewa idan shekara ta cika ba su fitar da kundin ba, ya dawo gare ka, domin akwai mawaƙa da yawa da aka naɗe aikinsu aka kulle a durowa, ba su iya fitarwa, ba su iya tafiya wani wuri. Kuɗin wasanninka na gida, bikin Yamai da na Tawa, ba ruwansu da shi, ba su suka gina shi ba. Idan su suka shirya maka wasa a Turai, su ɗauki ladansu a kan wannan kaɗai.

Ka kuma lura da wani abu da mawaƙanmu da yawa ba su sani ba. Haƙƙi biyu ne a kowace waƙa. Akwai na naɗin, wato sautin da aka ɗauka a situdiyo, akwai kuma na ita waƙar kanta, kalmominta da karinta. Na biyun shi ne wanda Fogerty ya yi shekara hamsin yana bi. Ka sa lauya ya duba ko an cusa shi cikin takardar, domin sau da yawa yana ɓoye a can tsakiya. Wannan kada ka sayar ko nawa aka ba ka. Tun kafin ka sake ganin wakilin, ka je ofishin kare haƙƙin mawallafa na Nijar, BNDA, nan Yamai, ka yi rajistar waƙoƙinka da sunan waɗanda suka ƙirƙire su.

Na ce "waɗanda", da gangan. Ka ce ka kasa gaya wa mai gangarka. Ƙanena, yau za ka gaya masa, kafin lauya, kafin wakili. Magana irin wannan ba ta ɓoyuwa a Yamai, kuma idan ya ji a bakin wani, ko ka ƙi sa hannun, abin da ke tsakaninku ya riga ya tsage. Ka tara su ukun, ka ajiye takardar a gabansu, ka ce ga abin da aka kawo, ga halin da Baba ke ciki, ga abin da nake shirin mayarwa. Ku kuma yi abin da ya kamata ku yi tun shekara shida da suka wuce: ku rubuta a takarda wa ya ƙirƙiri me, yaya ake raba kuɗin biki, yaya za a raba na kundi, sunan ƙungiya na wane ne idan wani ya tafi. Ku sa hannu gaban shaidu biyu. Addininmu ma ya ce a rubuta bashi, kuma ba don ana zargin kowa ba. Ƙungiyoyi da yawa talauci bai raba su ba, kuɗin farko ne ya raba su.

Mai yiwuwa kamfanin ya ji wannan tayi ya tafi. Ina so ka shirya wa hakan a ranka, domin zai yi zafi, kuma za a samu masu cewa ka yi wauta. Idan sun tafi, abin da suka gani a bidiyon nan yana nan tare da ku, bai bi su jirgi ba. Ku tara kuɗin biki uku ko huɗu, ku shiga situdiyo a nan, ku kaɗa tare a ɗaki ɗaya yadda kuke yi a fili, ku naɗi waƙa shida masu kyau. Da wannan a hannu za ku aika wa ƙananan kamfanonin da suka saba aiki da masu jita na Sahel, kuna masu kaya, kuna neman mai haya. Wanda ya zo da hatsinsa kasuwa, da wanda ya zo neman bashi kafin damina, ba ciniki ɗaya ake yi da su ba.

Saura maganar Baba. Ka je wurin likita da kanka ka tambayi ainihin abin da aikin zai ci, da lokacin da za a iya jira ba tare da haɗari ba. Ka riƙe wannan adadi daban. Sau da yawa idan tsoro ya kama mutum, sai lalurar miliyan ɗaya ko biyu ta sa ya sayar da abin da ya fi ta nesa ba kusa ba. Idan ka san adadin, ka san abin da kake nema: 'yan'uwa, adashi, kafin alƙalami daga masu bikin da suka riga suka kama ku, wasa ɗaya na musamman da za ku shirya ku faɗa wa jama'a dalilinsa. Mutanen da kuka raya wa daren aurensu shekara shida suna da yawa, kuma ba duka suka manta ba. Ko a tayin hayar ma kana iya neman kafin alƙalami daidai da kuɗin aikin, ƙarami, wanda za ka iya biya da kundi ɗaya. Idan kuwa ta kai ga rai, aka rasa kowace hanya, to rai yana gaba da waƙa, ba ni da ja a kan wannan, kuma ba wanda zai zarge ka. Amma ko a nan, kundi ɗaya za ka bayar, da wa'adi a rubuce, ba biyar ba.

Shi kuma Baba, kada ka yi masa gardama a kan gadon jinya. Ka zauna kusa da shi, ka yi masa bayani da harshen da ya sani. Ka ce masa, Baba, mutanen nan so suke in jinginar musu da gona, in biya kuɗinsu, gonar kuma ta zama tasu da 'ya'yansu. Manomi ne ko ɗan manomi, zai gane kafin ka rufe baki. Ita ma wadda za ka aura, ka gaya mata gaskiyar lissafin, tana da haƙƙin sanin dalilin jiranta. Ka yi istihara. Idan lauya ya gama karantawa, ka rubuto mini abin da ya samu a shafukan tsakiya, da kuma abin da mai gangarka ya ce.